Lacock: Ƙauyen Da Aka Yi Kyauta Da Shi, Mutanensa Na Ciki

A shekarar 1944, Yaƙin Duniya na Biyu bai ƙare ba, wata dattijuwa mai suna Matilda Talbot, wadda ta haura shekara 70, ta sa hannu a takarda ta yi kyauta da gidan gadonsu. Da a gidan ta tsaya, da labarin bai kai a ba da shi ba, don masu manyan gidaje da dama a Ingila sun yi haka a wancan zamanin. Ita kuwa sai ta haɗa da fili eka 284, ta kuma haɗa da kusan duk ƙauyen da ke bakin ƙofarta: gidajen kwana, shaguna, masaukan baƙi, tsohon rumbun hatsi, har da ɗan ɗakin da ake kulle mashaya a da. Mutanen garin suka kwana 'yan hayarta, suka wayi gari 'yan hayar National Trust, ƙungiyar da ke adana wuraren tarihi.

Ƙauyen shi ne Lacock, a lardin Wiltshire da ke kudu maso yammacin Ingila, kamar mil 3 kudu da garin Chippenham, a gefen kogin Avon. Tituna huɗu ne kacal suka haɗu suka yi murabba'i: High Street, East Street, Church Street da West Street. Wanda ya shiga yau ba zai ga turakun lantarki ba, ba waya a sama, ba farantin tauraron ɗan'adam a jikin bango. Gidajen na dutse ne da katako da jan bulo, yawancinsu an gina su kafin 1800, wasu tun ƙarni na 14.

Baƙi sukan ce zamani ne ya manta da garin. Amma ruwa ba ya tsami banza. Tun daga 1232 har zuwa yau, in aka cire 'yan lokutan da ta yi a hannun sarki, ƙasar Lacock hannu uku kawai ta shiga: sistocin gidan ibada, sai zuriya ɗaya da ta riƙe ta shekara 404, sai ƙungiyar da ke riƙe da ita yanzu. Duk abin da ya faru da garin, da wanda bai faru da shi ba, daga nan ya taso.

Matar da ta kafa garin

Sunan Lacock ya fito a littafin ƙidayar ƙasa da dukiya na 1086, wanda ake kira Domesday, da injinan niƙa biyu na ruwa da gonar inabi. Amma garin da ake gani yau aikin wata mata ne, Ela, magajiyar sarautar Salisbury. Mahaifinta ya rasu a 1196 tana yarinya, ba shi da ɗa namiji, dukiya da sarauta suka faɗo kanta. Sarki Richard na Ɗaya bai yi wata-wata ba ya aurar da ita ga ɗan'ubansa William Longespée, ɗan da Sarki Henry na Biyu ya haifa ba ta hanyar aure ba. Da haka dukiyar Salisbury ta shiga gidan sarauta ba tare da an kashe ko sisi ba.

William ya rasu a 1226. Ela ba ta sake aure ba, kuma wannan ba ƙaramar dabara ba ce, don a dokar lokacin sabon miji shi zai karɓe ikon komai. Ta riƙe kayanta da hannunta, har ta riƙe muƙamin wakilin sarki a lardin Wiltshire, mai tara haraji da tsaron doka, muƙamin da da wuya a ga mace a kansa a wancan zamanin. Ranar 16 ga Afrilu 1232 ta aza harsashin gidan ibada na mata a wata fadama kusa da kogi. Littafin tarihin gidan ya ce a ranar kuma ta hau doki ta yi tafiyar mil 16 zuwa Hinton, ta aza na maza. A 1238 ta shiga cikin sistocin da kanta, ba da daɗewa ba ta zama shugabarsu, ta sauka a 1257, ta rasu a 1261.

Ibada tana bukatar abinci, abinci kuma yana bukatar kuɗi. Ela ta nemo wa gidan izini daga Sarki Henry na Uku na cin kasuwar mako-mako da ta shekara-shekara, kuɗin rumfa na shiga aljihun sistoci. High Street da ake mamakin faɗinsa yau, an yi shi da faɗi ne don ya ɗauki kasuwa. Gidan yana da garkunan tumaki, kuma gashin tumaki a Ingilar wancan ƙarni shi ne arzikin ƙasa. Mutanen ƙauyen suna biyan hayarsu da aikin gona da hatsi da fatu, ana tarawa a wani dogon rumbun dutse da aka gina a ƙarni na 14, wanda har yanzu yake tsaye a kusurwar High Street da East Street. Ke nan tun ranar farko mutumin Lacock ɗan haya ne.

Mai kunama

Da Sarki Henry na Takwas ya ɓata da Paparoma, ya rufe gidajen zuhudu na ƙasar baki ɗaya ya ƙwace dukiyarsu. Na Lacock ya miƙa wuya a watan Janairu 1539, aka sallami sistocin da ɗan fansho. A 1540 wani bafade, William Sharington, ya sayi gidan da ƙasarsa a kan fam 783.

Wannan mutum ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. A 1546 aka damƙa masa gidan buga kuɗi na Bristol, shi kuma ya ga banza ta faɗi. Ya riƙa rage nauyin tsabar kuɗi, yana buga wasu ba da izini ba, yana gyara littattafan lissafi don ɓad da sawu. Ya kuma ƙulla da Thomas Seymour, kawun ƙaramin sarki Edward na Shida, wanda ke shirin ƙwace mulki daga hannun yayansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne: a farkon 1549 aka kama su. Sharington ya amsa laifi, ya tona asirin abokin nasa. Aka sare kan Seymour a watan Maris na shekarar, shi kuwa aka yi masa afuwa, ya biya maƙudan kuɗi ya fanshi ƙasarsa. Har wani babban malamin coci, Hugh Latimer, ya yabe shi a wa'azi a matsayin misalin mai tuba. Alamar gidansa kunama ce, kuma ana ganin ta a sassaƙe a wurare da dama a ginin.

Ga abin da ke da wuyar haɗiya: wannan maha'incin shi ne ya ceci ginin Ela. Yawancin waɗanda suka sayi irin waɗannan gidaje sun rushe su sun sayar da dutse da darmar rufi. Sharington ya rushe cocin sistocin kawai. Sauran ginin ya bar shi yadda ya same shi, ya mai da benen sama, inda sistoci ke kwana da cin abinci, ya zama gidansa. Shi ya sa har gobe mai ziyara zai bi barandar dutse mai rufin ɗaurin guga da ta kewaye tsakar gida, ya shiga zauren shawarar sistoci, ya leƙa ɗakin jin ɗumi, wanda shi kaɗai aka yarda a hura wuta a cikinsa lokacin hunturu. A ɗakin akwai wata ƙatuwar tukunyar tagulla da aka ƙera a Mechelen ta ƙasar Beljiyam ta yau a 1500. Dutsen kabarin Ela ma an ɗauko shi daga rusasshen cocin an ajiye a barandar.

Sharington ya ƙara nasa: hasumiya mai kusurwa takwas da ɗakin ajiyar takardu da dukiya a cikinta, da wani tebur na dutse mai sassaƙa, da kuma farfajiyar dawaki mai gidan burodi da gidan dafa giya. Ya rasu a 1553 ba ɗa, ƙanensa Henry ya gaje shi, ya kuma karɓi baƙuncin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a gidan a 1574.

A nan ne mai karatu da ya saba da rabon gado zai yi tambaya: yaya ƙasa za ta yi shekara 400 ba a raba ta ba? A al'adar manyan Ingila babban ɗa namiji ke ɗauke ƙasa gaba ɗaya, ƙannensa su nemi aikin soja ko na coci ko lauya. Sai in babu namiji ne mata ke rabawa. Haka ta faru da Henry Sharington: 'ya'yansa mata, Grace da Olive, sun daɗe suna shari'a a kan gado, a ƙarshe gidan da ƙauyen suka faɗa wa Olive, matar John Talbot. Daga ita sunan Talbot ya shigo. Akwai labarin da ake bayarwa cewa da mahaifinta ya hana auren, Olive ta diro daga saman gini zuwa wajen saurayin, iska ta cika mata siket ta rage ƙarfin faɗuwar, ta sauka a kansa ya suma, uban ya ce tunda abin ya kai haka a ɗaura. Masu raka baƙi suna son labarin, amma a ɗauke shi a matsayin hira.

A yaƙin basasar Ingila sojojin sarki sun yi sansani a gidan, suka miƙa wuya a 1645 ba tare da an yi masa ɓarna ba. A tsakanin 1754 da 1755 John Ivory Talbot ya sa magini Sanderson Miller ya sake gina babban zauren shiga da salon da ke kwaikwayon ginin zamanin da, ya cika alkukan bango da mutum-mutumin yumɓu. Ɗaya daga cikinsu yana tare da akuya, kuma tun 1919, da wani ɗalibi Ba'amurke ya ɗora mata ƙwayar sukari a hanci don wasa, ma'aikatan gidan ba su daina sabunta sukarin ba.

Yadda arziki ya bi wata hanya

Lacock ta yi zamaninta. A ƙarni na 15 da na 16 saƙar ulu ta kawo kuɗi, attajirai suka faɗaɗa cocin St Cyriac, suka gina gidaje masu faffaɗan ɗakuna a sama don masaƙa. Masaukin da ake kira Sign of the Angel a Church Street gidan wani fatake ne na ulu daga ƙarshen ƙarni na 15. Tsohuwar hanyar Landan zuwa Bath ta nan take bi, ta gangaro daga tudun Bowden, saboda haka masu masauki ma suna samu.

Sai abubuwa suka zame ɗaya bayan ɗaya. A ƙarni na 18 babbar hanyar Bath ta koma ta Chippenham. Saƙa ta bar ɗakunan mutane ta koma masana'antu a garuruwa irin su Trowbridge da Melksham, daga baya ma arewacin Ingila ta ƙwace kasuwar. Da jirgin ƙasa ya zo, layin ya wuce ta bayan gari. Babu mai dalilin rushe tsohon gida ya gina sabo, don babu kuɗin, kuma gidan ma ba nasa ba ne.

Mai ƙasar shi ma aljihunsa ba nauyi, kuma wannan ya yi wa garin rana. A wancan zamanin mai ƙasa in ya yi kuɗi, ƙauyen ƙofar gidansa yake fara kallo da ido ɗaya. A Milton Abbas ta lardin Dorset, Joseph Damer ya rushe gari sukutum a shekarun 1770 ya mai da mutanen wani kwari, saboda suna tare masa kallon lambu. A ƙauyen Edensor kusa da babban gidan Chatsworth an yi makamancin haka a ƙarshen shekarun 1830. Iyalin Talbot ba su da halin irin wannan almubazzaranci, sai suka bar Lacock inda take.

Kada kyan garin ya rufe wa mutum ido daga wahalar da aka sha a cikinsa. Kusa da coci akwai gidan aikin matalauta na 1833, inda ake tara waɗanda suka rasa abin yi a ba su abinci a bakin aiki, kusa da shi kuma rumfar shanya fatu ta majema. Jikin rumbun hatsi akwai ɗakin kulle mashaya na ƙarni na 18, mai rufin dutse kamar ƙubba, ba taga ko ɗaya. A masaukin George, wanda masu shi ke cewa yana da lasisi tun 1361, har yanzu akwai wata ƙafar katako mai juyawa a gefen murhu. Wani irin kare mai gajerun ƙafafu ake sakawa a ciki, yana gudu ƙafar na juyawa, ita kuma tana juya ƙarfen da aka soke nama a kan wuta. Irin karen ma ya ƙare a duniya tun da aka daina bukatarsa. A ƙasan Church Street rafin Bide ya ratsa hanya, mutane na bi ta wata 'yar siririyar gadar dutse, dawaki da kekuna su bi ta cikin ruwa.

Tagar da ta shiga tarihi

William Henry Fox Talbot an haife shi a watan Fabrairu 1800. Yana ɗan wata biyar mahaifinsa ya rasu ya bar bashin da ya kai fam 30,000. Aka ba da gidan haya, yaron ya tashi a gidajen dangi, sai mijin mahaifiyarsa na biyu, Kyaftin Charles Feilding, ya yi ta tattali har aka biya bashin. Iyalin ba su dawo Lacock da zama ba sai 1827. Talbot ya yi karatun lissafi a Cambridge, ya wakilci Chippenham a majalisa daga 1832, kuma tun 1824 ya samar wa ƙauyen makaranta.

A watan Oktoba 1833 yana bakin tafkin Como a Italiya da amaryarsa Constance, kowa na zanen abin da ya gani, shi kuwa hannunsa ya ƙi. Ko da ya yi amfani da wata na'urar madubi da ke taimaka wa mai zane, abin da ya fito a takarda bai yi kama da komai ba. Haushin wannan ne ya sa shi tunanin yadda za a sa haske da kansa ya yi zanen.

Da ya dawo gida ya shiga gwaji. Yakan jiƙa takardar rubutu da ruwan gishiri mara ƙarfi, ta bushe, ya shafa mata ruwan sinadarin azurfa. Haɗuwar biyun ke sa takardar ta yi baƙi duk inda haske ya taɓa. Da farko ganye da leshi yake ɗorawa a kai ya shanya a rana. Daga baya ya sa aka ƙera masa wasu 'yan ƙananan akwatunan katako masu gilashi a gaba, ya baza su a cikin gida da lambu, matarsa na kiran su tarkon ɓera. A watan Agusta 1835 ya saita ɗaya yana kallon wata taga mai ƙananan gilasai a dogon zauren kudu. Abin da ya fito bai fi kan sarki girma ba, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Ya rubuta a gefe cewa da gilashin ƙara girma ana iya ƙirga gilasan tagar, kimanin 200. Wannan 'yar takarda ita ce nagatif mafi tsufa da aka ɗauka da kyamara da ya rage a duniya, tana gidan tarihin kimiyya da ke Bradford. Tagar kuwa, duk da kamar tsufa da ta yi, Talbot ne da kansa ya sa aka gina ta 'yan shekaru kafin nan.

Sai ya ajiye aikin ya shiga wasu harkoki, har Janairu 1839 da labari ya zo daga Faransa cewa Louis Daguerre ya gano hanyar ɗaukar hoto. Talbot ya yi maza ya nuna nasa a Landan kafin watan ya ƙare. Hoton Daguerre ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma a kan farantin ƙarfe yake, guda ɗaya tak, ba a iya kwafarsa. Na Talbot kuwa daga nagatif ɗaya za a wanke ɗari. A 1840 ya gano cewa ko takarda ba ta nuna komai ba bayan ɗan gajeren haske, hoton na ɓoye a jikinta, sinadari zai fito da shi. Duk wanda ya taɓa kai fim wanki kafin zuwan wayar hannu, hanyar Talbot ya bi. Ya yi rajistar mallakar fasahar a 1841, ya riƙa neman kuɗin lasisi, abin da ya jawo masa baƙin jini har ya sha kaye a kotu a 1854. Ya rasu a 1877, an binne shi a maƙabartar ƙauyen. A 1975 aka buɗe gidan tarihi da sunansa a wani tsohon rumbu a bakin ƙofar gidan.

Shawarar Matilda

Charles, ɗan Fox Talbot, bai yi aure ba. Ya ƙare rayuwarsa yana gyara sassan ginin na zamanin sistoci, ya rasu a 1916 ya bar komai ga 'yar yayarsa, Matilda Gilchrist-Clark, wadda ta daɗe tana kula da shi. Ta ɗauki sunan Talbot. Mace ce da ta koyar da girki, ta kuma yi aiki da rundunar mata ta sojan ruwa a yaƙin farko, ba irin matan da ke zaune a jira a yi musu ba. Ta sayar da wasu zane-zanen gidan don gyara gidajen 'yan haya. A 1932 ta shirya babban wasan tarihi na cika shekara 700 da kafa gidan, mutanen ƙauyen suka sa kayan zamanin Ela. Da yaƙi na biyu ya zo, ta buɗe gidan ga yaran da aka kwaso daga birane saboda bama-bamai.

Matsalarta lissafi ce. Harajin gado da aka kafa a 1894 ya fara da kashi 8 cikin 100 a kan mafi girman dukiya, ya kai 40 a 1919, ya kai 65 a 1940. Ita ba ta da ɗa, ba ta da tsabar kuɗi, dukiyarta duk dutse ne da ƙasa. Ranar da ta rufe ido, magadanta ba su da hanyar biyan gwamnati sai su sa ƙauyen a kasuwa, gida-gida, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Mai saye kuma ba ruwansa da cewa kakan kakan ɗan haya a ɗakin aka haife shi. Tsoron nata ba na banza ba ne: bayan yaƙin an yi ta rushe manyan gidajen karkara, har an ƙiyasta cewa a 1955 kusan duk kwana biyar ana rushe ɗaya.

Mafitar ita ce National Trust, ƙungiya mai zaman kanta da Octavia Hill da Robert Hunter da Hardwicke Rawnsley suka kafa a 1895. Dokar majalisa ta 1907 ta ba ta ikon ayyana abin da ta mallaka a matsayin wanda ba a sayarwa, ba a jinginarwa, wato dai kusan abin da muka sani da waƙafi. Wata dokar ta 1937 ta buɗe hanya ga masu manyan gidaje: ka ba da gidan tare da abin da zai riƙe shi, a yafe haraji, kai da iyalinka ku ci gaba da zama, jama'a kuma su riƙa shigowa kallo. A Lacock gidajen haya da gonaki su ne abin da ke kawo kuɗin shiga, don haka gidan da ƙauyen suka tafi tare, yadda suke tun farko.

Akwai abu ɗaya da ta ware. A ɗakin hasumiyar Sharington an daɗe ana ajiye da kwafin Magna Carta na 1225, takardar da ta taƙaita ikon sarki, wanda aka aiko wa lardin Wiltshire a zamanin Ela. Matilda ta ba Gidan Tarihin Birtaniya shi kyauta, yanzu yana Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya a Landan. Ita kuma ta ci gaba da zama a gidan a matsayin 'yar haya har rasuwarta a 1958, danginta suka ɗora har zuwa farkon wannan ƙarnin.

Me kyautar ta tsare?

Amsar da ke saurin zuwa baki ita ce gine-gine. Ni ban gamsu da ita ba. Ga Castle Combe nan, ƙauye ne a lardin guda, ta ɗaya gefen Chippenham, shi ma na masaƙan ulu, shi ma a hannun mai ƙasa ɗaya. A 1947 aka yi gwanjonsa. Bai lalace ba, har yau ana sa shi cikin mafi kyawun ƙauyukan Ingila, domin dokokin tsara gari na bayan yaƙi sun hana taɓa tsofaffin gine-gine ko na wane ne. Dutse dai da doka ta tsare shi ko Matilda ba ta yi komai ba.

Bambancin yana wajen su wa ke kwana a ciki. Inda aka sayar da gidaje, farashi ya yi sama, masu kuɗi daga birni suka saye, wasu gidajen suka zama na hutun ƙarshen mako ko na haya ga 'yan yawon buɗe ido. A Lacock ƙungiyar na da gidaje kusan 90, kuma in gida ya faɗi ana fifita wanda ke da asali ko dangi ko aiki a garin. Shi ya sa makarantar firamare ke nan da yara, akwai shago, akwai gidan burodi, akwai iyalan da suka yi zuriya bayan zuriya a titi ɗaya. Wannan shi ne abin da ta saya musu da dukiyarta, kuma a ganina ciniki ne mai kyau.

Amma ba kyauta ba ne a wajensu. Ɗan hayar ƙungiyar ba zai taɓa mallakar gidan da yake ciki ba, ko ya shekara 60 yana biya, ba kuma abin da zai bar wa 'ya'yansa sai fatan a sabunta musu haya. Ba ya sauya taga, ba ya sauya launin ƙofa yadda ya ga dama. Tsohon gidan dutse sanyi gare shi da laima, gyaransa kuma sai an bi layi. Ga baƙi, waɗanda motoci ke saukewa rututu, wasu har su manna fuska a gilashin taga suna leƙen mutum yana cin abincinsa, don sun ɗauka duk garin gidan tarihi ne.

Masu shirya fim su suka ƙara wa wutar mai. Gari mara waya a sama aljannarsu ce: a zuba ƙasa a kan kwalta, a kawar da motoci, shi ke nan an koma shekara 200 baya. BBC ta yi amfani da titunan a 1995 da 2007, kuma an ɗauki sassan finafinan Harry Potter na farko a barandar sistoci da ɗakunan da ke kewaye da ita. Yawancin yaran da ke tsayawa hoto a gaban tukunyar Mechelen ba su taɓa jin sunan Ela ba. Kuɗin da ake samu na taimakawa wajen gyara, amma a ranakun ɗauka mai gida sai ya nemi wurin ajiye motarsa a wajen gari.

Cocin St Cyriac ba ya cikin kyautar, na Cocin Ingila ne, kuma nauyin gyaransa na wuyan masu ibada a cikinsa. Abin da ya mallaka mai daraja shi ne wani kofin azurfa mai ruwan zinariya na ƙarni na 15, wanda aka yi don shagali a teburin wani babba, daga baya aka mai da shi na ibada. Ya yi shekaru da dama a matsayin aro a Gidan Tarihin Birtaniya, saboda tsadarsa ta fi ƙarfin a ajiye shi a ƙauye. Da kuɗin gyaran gini ya gagara, shugabannin cocin suka nemi izinin sayar da shi. Wani daga cikin mutanen garin ya ƙi, magana ta je kotun coci, kotu ta ba da izini. A 2013 Gidan Tarihin Birtaniya da na Wiltshire da ke Devizes suka haɗa kuɗi suka saye shi a kan fam miliyan 1.3.